Yadda Abinci Ke Zama Ƙarfi a Jiki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Numfashin Ƙwayar Halitta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗaliban bayoloji na babbar sakandare suka fi maimaitawa, musamman idan jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta ƙarato. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayuwa da ƙafarta. Yawancin masu shan wahala a wannan babi hadda ce ta kayar da su: sun riƙe sunaye, amma ba su san abin da ke tafiya ina ba. Abu biyu kawai nake so a bi sawunsu daga farko har ƙarshe, wato ina kabon ɗin abinci yake ƙarewa, kuma ina ilektoron ɗinsa, wato 'yan ƙananan ɓarɓashi masu caji da ke jikin kowane atam, suke zuwa.

1. Mene ne numfashin ƙwayar halitta, kuma me ya raba shi da shaƙar iska?

Shaƙar iska aikin hanci ne da huhu da tsokokin ƙirji: a ja iska ciki, a fitar da ita. A iskar da muke shaƙa, kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ne, amma a wadda muke fitarwa ya ragu zuwa kamar kashi 16. Kabon dayoksaid kuwa ya tashi daga kashi 0.04 zuwa kusan kashi 4. To ina oksijin ɗin da ya ɓace ya shiga, kuma daga ina ƙarin kabon dayoksaid ya fito?

Ba a cikin huhu abin ya faru ba. Jini ne ya kwashi oksijin ya rarraba wa ƙwayoyin halittar jiki, na hanta da na tsoka da na ƙwaƙwalwa da sauransu. A cikin kowace ƙwaya ake farfasa abincin da aka narkar, a tatsi ƙarfin da ke cikinsa, a mayar wa jini kabon dayoksaid ya kai huhu. Wannan farfasawa ita ce numfashin ƙwayar halitta. Bishiyar kuka ba ta da huhu, yis ɗin mai burodi ma haka, amma dukansu suna yi, dare da rana.

2. Me ake nufi da sinadaran oganik?

Su ne ginshiƙin abincin da ƙwaya ke farfasawa, wato sinadaran da aka gina ƙashin bayansu da kabon haɗe da haidirojin, galibi tare da oksijin, wani lokaci da naitirojin ko fosforos ko salfa. Abin da ya sa kabon ya dace da wannan aiki shi ne kowane atam nasa yana iya riƙe atam huɗu a lokaci guda, har da 'yan'uwansa kabon, don haka yana yin dogayen sarƙoƙi da rassa da zobba. Ruwa da gishirin miya ba oganik ba ne. Kabon dayoksaid ma, duk da akwai kabon a cikinsa, ba a lissafa shi, kuma nan ne masu jarrabawa ke yawan ɗana tarko.

A da masana sun ɗauka ba a iya samun irin waɗannan sinadarai sai daga jikin abu mai rai. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya, sinadarin da ke fita a fitsari, daga kayan da ba su fito daga jikin dabba ba. Daga nan wancan ra'ayi ya fara rushewa.

3. Waɗanne ne manyan rukunoninsu, kuma a ina nake cin karo da su?

Huɗu ne. Kabohaidiret shi ya fi yawa a kwanonmu: sitacin gero da dawa da masara da shinkafa da rogo, sukarin rake, zaƙin zuma da na dabino. Tubalinsa ƙananan sukari ne irin su gulukos da furuktos. Sukarin shayi gulukos ɗaya ne da furuktos ɗaya a manne, sitaci kuwa ɗaruruwa ne ko dubban gulukos a jere. Rukuni na biyu mai da kitse ne, kamar man gyaɗa da manja da man shanu da man kaɗe, waɗanda aka gina da gilisarol ɗaya da asid mai maiƙo uku. Wani nau'insu mai ɗauke da fosfet shi ne tantanin da ke kewaye kowace ƙwaya, kuma za a ga muhimmancinsa a tambaya ta 10.

Furotin ya fi kowa yawan aiki. Ana gina shi da amino asid iri 20, kuma 9 daga cikinsu jikin mutum ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuwa yana da shi sosai, don haka wanda ya ci garau-garau ko tuwo da miyar wake ya yi wa jikinsa haɗi mai kyau ko da bai san sunan abin ba. Kusan dukan enzayim, wato sinadaran da ke gaggauta kowane mataki da za mu ambata a nan, furotin ne. Na huɗu su ne DNA da RNA, masu ɗauke da bayanan gado. ATP na tambaya ta 7 ɗan gidansu ne.

4. Malam, an ce sitaci da ciyawa duk gulukos ne. Me ya sa saniya ke rayuwa da kara mu ba ma iyawa?

Gaskiya ne, selulos ɗin da ke jikin kara da harawa gulukos ne zalla, kamar sitaci. Bambancin yana wurin yadda aka ɗaure kowane gulukos da na kusa da shi. Enzayim ɗin da ke cikin miyau da hanjinmu, amiles, ya san ɗaurin sitaci ne kaɗai. Shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya fara zaƙi, amma ko ka wuni kana tauna kara ba abin da zai narke. Saniya ma da kanta ba ta da enzayim ɗin. Ƙananan halittu ne da ke zaune a babban tumbinta suke farfasa selulos ba tare da oksijin ba, irin hanyar da ke tambaya ta 12, ita kuma ta tsotse asid ɗin da suka fitar ta yi amfani da shi.

5. Ta yaya ake gane kowannensu a ɗakin gwaji?

Ɗigon aidin a kan sitaci yana komawa shuɗi mai duhu kamar baƙi. Gulukos idan aka dafa shi da ruwan Benedict ko na Fehling yana ba da laka ja kalar jan bulo, amma sukarin shayi ba zai yi ba sai an fara tafasa shi da ɗan asid ya rabu biyu. Furotin yana ba da launin shunayya a gwajin Biuret. Mai kuwa takarda ta ishe ka: duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a takarda ya ga tabon da haske ke ratsawa, wanda ba ya bushewa kamar na ruwa.

6. Shin numfashi ƙonewa ne irin na itace?

Idan aka dubi abin da ya shiga da abin da ya fita, ɗaya ne: C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + makamashi. Gulukos ɗaya da oksijin shida suna ba da kabon dayoksaid shida da ruwa shida, kuma gram 180 na gulukos yana sakin kusan kilojul 2,870, ko a murhu aka ƙone shi ko a jiki. Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace ne suka nuna haka a Faransa a farkon shekarun 1780. Sun sa ɗan ɓeran masar a akwatin da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da kabon dayoksaid ɗin da ya fitar, suka gwada da na gawayin da aka ƙone, sai lissafin ya zo kusa da juna.

Inda suka rabu shi ne hanya. Wuta tana sakin komai lokaci guda ya zama zafi da haske. Ƙwayar halitta kuwa tana bi mataki-mataki, kowanne da nasa enzayim, a ɗumin digiri 37 kacal, tana kama kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ta adana a ATP. Ragowar shi ne ɗumin jikinka.

7. Mene ne ATP, kuma me ya sa ƙwaya ba ta amfani da gulukos kai tsaye?

ATP ƙaramin sinadari ne mai ɗauke da fosfet uku a jere. Idan aka cire na ƙarshe ya koma ADP, sai a sami ɗan ƙarfi, kusan kilojul 30 a kowane mol (ma'aunin da ake ƙirga yawan sinadari da shi), daidai abin da ƙananan ayyukan ƙwaya ke bukata: tsoka ta motsa, jijiya ta aika saƙo, a ɗaura amino asid a kan ɗan'uwansa. Ƙarfin gulukos guda ya fi ƙarfin kowane ɗaya daga waɗannan ayyuka nesa ba kusa ba, kuma injinan furotin da ke cikin ƙwaya ATP suka sani. Aikin numfashi gaba ɗaya shi ne mayar da fosfet ɗin nan kan ADP.

Karl Lohmann ya gano ATP a 1929, Fritz Lipmann kuma ya bayyana matsayinsa na mai ɗaukar makamashi a 1941. Jiki ba ya tara shi. Wanda ke cikin tsoka ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi idan ana aiki mai ƙarfi, sai dai a yi ta sake haɗa shi ba tsayawa, har abin da babban mutum ke juyawa a yini ya kai kusan nauyin jikinsa. Wannan shi ya sa minti kaɗan ba oksijin ke lalata ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kashi 2 ne na jiki amma take cin kusan kashi 20 na makamashinsa.

8. Me ke faruwa a matakin farko, gilaikolisis?

A ruwan cikin ƙwaya ake yinsa, wato saitofilazam, ba a cikin maitokondiriya ba ('yan ƙananan ɗakuna a cikin ƙwaya inda sauran matakan ke gudana), kuma ba ya bukatar oksijin. A matakai 10 ake raba gulukos mai kabon 6 ya zama fairubet biyu, kowanne mai kabon 3. Ana fara kashe ATP 2 don a shirya gulukos ɗin ya rabu, daga baya a sami 4, riba 2 ke nan. Ana kuma cire ilektoron a ɗora wa wani mai dako da ake kira NAD, ya zama NADH, guda 2. A lura, har yanzu ko kabon ɗaya bai fita ba. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da maitokondiriya, da wannan mataki kaɗai suke rayuwa, don haka ba sa taɓa oksijin ɗin da aka ba su dako.

9. Zagayen Krebs yana ruɗa ni. Me ya kamata in riƙe?

Bi kabon. Fairubet yana shiga cikin maitokondiriya, a cire masa kabon ɗaya ya fita a matsayin kabon dayoksaid, a sami NADH ɗaya, saura kabon 2 su hau kan wani mai dako su zama asetil-CoA. Wannan mai kabon 2 yana haɗuwa da wani mai kabon 4, oksalo'asitet, su ba da sitiret mai kabon 6, ɗan'uwan asid ɗin da ke cikin lemun tsami. Daga nan sai a yi ta sassaƙa: 6 ya koma 5, 5 ya koma 4, kowane karo kabon dayoksaid ɗaya ya fita, a ƙarshe a dawo kan oksalo'asitet ɗin da aka fara da shi, a shirye ya karɓi wani. Shi ya sa ake kiransa zagaye.

Kowane zagaye yana ba da kabon dayoksaid 2, NADH 3, FADH2 ɗaya (wani mai dako ne, FAD, da ya ɗauki ilektoron) da ATP ɗaya, kuma gulukos guda zagaye biyu yake jawowa. Yanzu ƙirga: kabon 2 sun fita a bakin ƙofa, 4 a cikin zagaye, 6 ɗin gulukos sun cika. Abin da nake so ɗalibi ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne, gulukos ya ƙare ƙurmus amma ATP 4 kacal aka samu. Sauran dukiyar tana hannun NADH 10 da FADH2 guda 2. Hans Krebs, wanda ya bar Jamus a 1933 saboda mulkin Nazi, ya tsara wannan zagaye a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 1937, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1953 da Lipmann.

10. To ina amfanin oksijin, tunda har yanzu bai shigo ba?

Nan ne zuciyar babin. Maitokondiriya tana da tantani biyu, na ciki kuma ninki-ninki yake don ya sami faɗi. A jikin wannan tantani na ciki aka dasa manyan furotin huɗu a jere. NADH yana sauke ilektoron ɗinsa a na farko, FADH2 a na biyu, daga nan a yi ta miƙa su hannu da hannu, kowane mai karɓa ya fi na bayansa kwaɗayinsu. Ƙarfin da ke fita a wannan gangara ana amfani da shi a tura haidirojin mai caji, wato furoton, zuwa ƙetaren tantanin, su taru a can sun fi na ciki yawa. Tantanin mai ne, furoton ba sa iya ratsa shi su dawo.

Ka tuna madatsar ruwa ta Kainji: an tare ruwa ya taru a sama, ba shi da mafita sai ta cikin injin da zai juya ya ba da lantarki. Haka furoton ba su da hanyar dawowa sai ta cikin wani enzayim mai suna ATP sintes, kuma wannan enzayim juyawa yake yi da gaske, kowane juyi cikakke ya haɗa ATP 3. A 1997 masu bincike a Japan suka manna masa ɗan zare suka kalli juyawarsa a madubin ƙara girma. Duk wanda ya fahimci cewa irin wannan inji na aiki a jikinsa ba adadi, yana barci yana farke, sai ya jinjina ikon Allah. Peter Mitchell na Ingila ne ya kawo wannan bayani a 1961. Masana da yawa sun ƙi yarda da shi shekara da shekaru, sai a 1978 aka ba shi Nobel.

Oksijin yana tsaye ne a ƙarshen layi. Shi ke karɓar ilektoron daga furotin na huɗu, ya haɗa da furoton ya zama ruwa. Idan babu shi, na huɗu ba shi da inda zai sauke kaya, na uku ya tsaya, na biyu da na farko su tsaya, NADH ya rasa mai karɓa, zagayen Krebs ya mutu duk da shi kansa ba ya taɓa oksijin. Saboda haka oksijin ɗin da ka shaƙa ruwa yake zama, ba kabon dayoksaid ba. Dubi tambaya ta 16 don ganin abin da ke faruwa idan guba ta toshe wannan wuri.

11. Wani littafi ya ce ATP 38, wani 36, wani 30. Wanne ne daidai?

Tsohon lissafi ya ɗauka kowane NADH yana ba da ATP 3, FADH2 kuma 2. NADH 10 sun ba da 30, FADH2 biyu sun ba da 4, a tara da 4 na tambaya ta 8 da ta 9, ya zama 38. Masu cewa 36 sun cire kuɗin shigar da NADH biyu na gilaikolisis cikin maitokondiriya. Awon da aka yi daga baya ya nuna adadin ya fi kusa da 2.5 da 1.5, abin da ke ba da 30 zuwa 32, kuma wannan ne littattafan jami'a na yanzu suke kawowa. A zauren jarrabawa ka bi littafin da manhajarku ta amince da shi. Idan 38 ne kaɗai a cikin zaɓin, shi ake nema. Amma ka san dalilin bambancin, domin shi za ka tarar a aji ɗaya na jami'a.

12. Idan babu oksijin fa?

Gilaikolisis na iya ci gaba, da sharaɗi ɗaya: NAD ɗin da ke cikin ƙwaya kaɗan ne, idan duk ya zama NADH ba mai ɗaukar sabon kaya. Don haka ƙwaya ke juye ilektoron ɗin a kan fairubet ko abin da ya fito daga gare shi, NAD ya sami hannu ya koma aiki. Manufar ke nan, ba wani ƙarin ATP ake samu ba. Riba tana nan a 2 maimakon 30 da wani abu, sauran ƙarfin ya tafi a cikin abin da aka zubar.

Hanya biyu aka fi sani. Yis yana mayar da fairubet etanol, wato barasa, da kabon dayoksaid. Iskar ce ke sa kwaɓin burodi da na fanke da ƙullun waina su tashi su yi ƙofofi, ɗan etanol ɗin kuma yawancinsa yana bin zafin wuta ya tafi. Bakteriyar madara kuwa laktik asid take yi, ba ta fitar da iska a wannan hanya. Idan mai nono ta zuba ɗan tsohon nono a cikin madarar da ta dafa ta rufe ƙwarya ta kwana, iri ta shuka: bakteriyar ta ci sukarin madara, asid ya taru, furotin ya daskare, da safe ga kindirmo. Tsamin ne kuma ke hana wasu ƙwayoyin cuta sakewa, shi ya sa nono ya fi ɗanyar madara jure zafin rana. Tsamin gasarar koko ma daga nan yake.

Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa madara tsami. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace ruwansa, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, ruwan kuma ya ci gaba da juya sukari. Wannan ya tabbatar da cewa enzayim ne ke aikin.

13. Laktik asid ne ke sa jikina tsami kwana biyu bayan ƙwallo ko huɗa?

A'a, ko da yake an daɗe ana koyar da haka. Idan ka zura da gudu iya ƙarfinka, tsoka na bukatar ATP da sauri fiye da yadda maitokondiriya ke iya bayarwa, sai gilaikolisis ya ƙara wuta, laktet, wato laktik asid kamar yadda yake a cikin jiki, ya taru. Amma cikin kamar awa ɗaya da tsayawa jini ya kwashe shi: zuciya da wasu tsokoki su ƙone wani, hanta ta mayar da wani gulukos. Wannan kai-komo tsakanin tsoka da hanta shi ake kira zagayen Cori, da sunan Carl da Gerty Cori, mata da miji da suka sami Nobel a 1947. Hakin da kake yi bayan gudu, wanda littafi ke kira biyan bashin oksijin, na mayar da jiki daidai ne. Tsamin jikin da ke zuwa washegari kuwa daga 'yan ƙananan raunuka ne a zaren tsokar da aka sa aikin da ba ta saba ba.

14. Me jiki ke ƙonewa lokacin azumi, kuma ina kitse ke tafiya idan mutum ya rame?

Bayan sahur jiki na amfani da abin da hanji ke tsotsa, rarar kuma a ɗaure ta a matsayin gilaikojin, wato sarƙoƙin gulukos irin na sitaci, kusan gram 100 a hanta, wajen gram 400 a tsoka. Da rana ta yi nisa hanta ke warware nata tana sakin gulukos cikin jini saboda ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini. Na tsoka na tsoka ne ita kaɗai, ba ya fita. A lokaci guda jiki na ƙara komawa kan kitse: ana yanka sarƙar asid mai maiƙo kabon bibbiyu, kowane yanki ya zama asetil-CoA ya faɗa zagayen Krebs na tambaya ta 9. Gram ɗaya na kitse yana ba da kilokalori 9, na sitaci ko furotin 4. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Furotin shi ne na ƙarshe da jiki ke son taɓawa. Sai an cire masa naitirojin, hanta ta mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar.

Kitsen da ya tafi kuwa ba zufa ya zama ba, ba kuma bayan gida ba. Kusan kashi 84 cikin 100 na nauyinsa ta huhu yake fita a matsayin kabon dayoksaid, sauran ruwa ne. Mai ciwon sukari lissafinsa daban ne, domin insulin ɗin da ke buɗe wa gulukos ƙofar tsoka ne ya gaza ko jiki ya daina jin maganarsa. Ya tuntuɓi likitansa kafin watan azumi ya kama.

15. Tsirrai ma suna wannan numfashi, ko haɗa abinci kawai suke yi?

Suna yi, kowace ƙwaya, kowane lokaci. Da rana ganye na haɗa gulukos da hasken rana fiye da yadda yake ƙonewa, shi ya sa ake ganin oksijin na fita. Da dare numfashin kaɗai ya rage. Saiwa ba ta ganin rana, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa. Idan ruwa ya kwanta a gonar masara kwanaki, saiwar ce ke shaƙewa, sai ka ga ganye ya yi rawaya alhali ruwa ya yi yawa. Shinkafa tana jurewa saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara da ke kai oksijin har saiwa.

Kuna iya gani da idonku ko makarantarku ba ta da kayan aiki sosai. A jiƙa wake ya fara tsira, a zuba rabi a fulas ɗin shayi, a dafa ɗaya rabin a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba a wani fulas, a soka ma'aunin zafi a kowanne a toshe da auduga. Bayan kwana biyu zuwa uku na mai rai zai hau, na dafaffen ya tsaya inda yake. Iskar da ke kan mai tsirar kuma idan aka bi da ita ta cikin ruwan kalsiyom haidoroksaid, zai yi fari kamar an ɗiga madara.

Manomi na cin karo da wannan a rumbu. Hatsin da aka adana bai bushe ba yana numfashi da ƙarfi, shi da fumfunar da ke kansa, sai ka tura hannu cikin buhu ka ji ɗumi da danshi. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike a arewacin Kamaru aka kuma yaɗa shi a Najeriya da Nijar daga 2007, da wannan ilimi yake aiki. Idan aka ɗaure bakinsa tam, ƙwarin da ke huda wake su ne za su shanye ɗan oksijin ɗin da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an barbaɗa guba a abincin mutane ba. Leda ta huje, aiki ya ɓaci.

16. Me ya sa rogo mai ɗaci da hayaƙin janareta ke kisa?

Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da linamarin, wanda ke sakin sayanaid idan aka farfasa ƙwayoyinsa. Sayanaid yana manne wa furotin na huɗu na tambaya ta 10, daidai wurin da oksijin ke karɓar ilektoron. Jini cike yake da oksijin amma ƙwaya ba ta iya amfani da shi. Ferewa da gurzawa da jiƙawa kwanaki da matsewa da suya, duk matakan yin garin kwaki, hanyoyin korar wannan guba ne, kuma wanda ya gajarce su don sauri yana wasa da rayukan mutane. A Kongo da Mozambik da Tanzaniya an ga cutar konzo, shanyewar ƙafafu, a wuraren da fari ko yaƙi ya tilasta wa mutane cin rogon da ba a gyara sosai ba. Ɗanyen tsiron dawa da gyauronta ma suna da ɗan'uwan wannan sinadari mai suna durin, musamman bayan fari, kuma shi ke kayar da dabbar da ta afka masa.

Hayaƙin janareta da na gawayi kabon monoksaid ke cikinsu, iskar da ke samuwa idan abu ya ƙone ba isasshen oksijin. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama himogulobin, furotin ɗin da ke dakon oksijin a jini, fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, ta hana shi dako. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da barci mai nauyi, shi ya sa take ɗauke iyali guda cikin dare ba wanda ya farka. Ina roƙon duk ɗalibin da ya karanta wannan ya faɗa a gida: kada a kunna janareta a ɗaki ko a soro ko a gindin taga, kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Wanda ya shaƙa a fitar da shi sarari nan take a garzaya da shi asibiti a sa masa oksijin. Manja da madara ba sa cire wannan iska daga jini, ɓata lokaci ne kawai.

17. Bitamin yana ba da ƙarfi?

Shi kansa ba a ƙone shi, ba shi da kalori. Amma NAD da bitamin B3 ake ƙera shi, FAD da B2, kuma enzayim ɗin da ke mayar da fairubet asetil-CoA ba ya aiki sai da B1. Sinadarin ƙarfe ma yana cikin himogulobin da cikin furotin ɗin da ke miƙa ilektoron. Wanda ya rasa su zai ji kasala ko ya ƙoshi da tuwo. Wanda yake da isassu kuwa, ƙarin ƙwaya ba zai ƙara masa ATP ba. Yawancin B1 na hatsi a dusa yake, don haka surfen da ya wuce kima asara ne.

18. Me ya sa maitokondiriya ke da DNA nata na kanta?

Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne wanda Lynn Margulis ta Amurka ta kare a 1967: asalin maitokondiriya bakteriya ce mai amfani da oksijin da ta zauna a cikin wata ƙwaya tun zamani mai nisa, zaman ya amfani kowa ya ɗore. Hujjojin su ne tantaninta biyu, DNA ɗinta mai siffar zobe irin na bakteriya, da yadda take hayayyafa ta hanyar rabewa biyu. A jikin mutum wannan DNA na ɗauke da guntayen bayanan gado (genes) 37 ne kawai, kuma ta wajen uwa ake gadonsa, domin na ƙwan mace ne ke wucewa ga ɗa. Yawanta a ƙwaya yana bin yawan aiki: a tsokar zuciya ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin ƙwayar.

Wannan ya kuma amsa wata tambaya da ke fitowa a jarrabawa, wato ta yaya bakteriya ke numfashi da oksijin alhali ba ta da maitokondiriya. Furotin ɗin da ke miƙa ilektoron da ATP sintes nata suna dashe ne a tantanin da ya kewaye ta, tana tura furoton waje suna dawowa ciki, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 10.